Idan Gida Ya Ƙi Ɗumi: Yadda Ake Gano Ciwon Na'urar Ɗumama Ɗaki a Birtaniya

 Yau shirinmu na faɗakarwa zai yi tattaki zuwa Birtaniya, ƙasar da a watan Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, ruwan da ya kwana a waje kuma kan wayi gari a daskare. A can ɗumin ɗaki yana cikin abubuwan da lafiya ta rataya a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗakin da mutane ke zaune a lokacin sanyi ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, domin ƙasa da haka ƙirjin jarirai da zuciyar tsofaffi kan fara jin jiki.

'Yan uwanmu da dama karatu ko aikin asibiti ya kai su Landan, Mancesta, Birmingham ko Gilasgo. A ɗauka ɗaya daga cikinsu ne ya tashi da asuba zai yi alwala, ya murɗa famfo ya ji ruwa kamar ƙanƙara, ya dafa farin ƙarfen nan da ke manne a bango ya ji shi sanyi ƙalau. Mutumin da ya tashi a garin da fanka da randa ne maganin yanayi, me zai fara dubawa? Yawanci waya yake rarumowa ya kira mai gyara, a caje shi kuɗin zuwa, alhali wani lokacin abin da ya lalace bai fi batir biyu na rediyo ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakanike ya riga ya san rabin ilimin nan. A mota, ruwa ne ke zagaya inji ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto iska ta huce shi. A gidan Birtaniya dabarar ita ce dai, sai dai zafin da mota ke neman rabuwa da shi, shi gida ke nema. Akwai tukunyar ɗumama ruwa da suke kira boila, wadda galibi takan zauna a kicin ko cikin wata kabad. Gas na ci a cikinta, wutar ta gasa wasu siraran bututu, wani ƙaramin famfo mai aiki da lantarki ya tura ruwan zafin zuwa lagireton kowane ɗaki, ya dawo ya sake ɗaukar zafi. Ruwa ɗaya ne ke ta kai da komo a rufe shekara da shekaru. Mafi yawan gidajen ƙasar da gas suke ɗumi, kuma irin boilar da ta fi yawa a ƙananan gidaje ita ce kombi, mai aiki biyu: ta ɗumama ɗakuna, ta kuma ba da ruwan wanka nan take ba tare da tanki ba.

Abu huɗu ke nan tsarin yake buƙata: gas, lantarki, ruwa, da umarni. Gwanin mai gyara ba ya fara kwance komai sai ya yi tambaya, kamar yadda likita ke yi kafin ya rubuta magani. Gidan ne duka ya yi sanyi, ko ɗaki ɗaya? Ɗumin ɗaki ne kaɗai ya ɗauke, ko har da ruwan wanka? Yaushe abin ya fara, kuma daren jiya an yi sanyi mai tsanani? Amsar waɗannan tambayoyi kaɗai takan kore rabin abubuwan da ake zargi.

Idan komai ne ya tsaya, sai a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A kunna murhun girki na gas: in ya kama, gas na shigowa gidan. In bai kama ba, a duba mita, domin gidajen haya da yawa mitar kati gare su, irin ta wutar lantarki da aka saba da ita a Kano da Kaduna, kuma kuɗi na ƙarewa gas ke yankewa. Daga nan a dubi fuskar boilar. In ba haske ba lamba, matsalar lantarki ce, ƙila fis ya ƙone ko wani ya kashe makunnin bango bai sani ba.

Sai mai ba da umarni, wato ma'aunin zafin da ke rataye a falo ko a zaure. Shi ke gaya wa boila ta tashi ko ta kwanta. Da yawansu da batir suke aiki, batir na mutuwa boila ta daina jin kira. Akwai kuma agogon da ke tsara lokutan kunnawa. A ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Birtaniya kan mayar da agogo baya da awa ɗaya, tsofaffin na'urori kuwa ba sa gyara kansu, ga shi kuma ɗaukewar wuta na iya goge musu tsari. Wani kuskure da baƙi suka cika yi shi ne murɗa ma'aunin nan zuwa 30 don ɗaki ya yi saurin ɗumi. Ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Lambar tana faɗin inda za a tsaya ne, don haka abin da mutum zai samu shi ne zufa da tsakar dare da kuma takardar kuɗi mai nauyi a ƙarshen wata.

In duk wannan lafiya lau, ido ya koma kan ƙaramin agogon awo da ke jikin boila, mai allura ɗaya, wanda ke nuna matsin ruwan da ke cikin bututu. Idan tsarin ya huce, allurar ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin da ake kira bar. In ta sauka ƙasa sosai, wajen rabin ɗaya, boila takan kashe kanta don kada ta ƙone a bushe, ta kuma nuna wata lamba a fuskarta. Kowane kamfani da harshensa: a boilar Vaillant F22 ke nufin ruwa ya yi ƙasa, a ta Ideal F1, a ta Baxi E119. Littafin da ya zo da na'urar yana ɗauke da fassarar lambobin, kuma ko mutum ba zai taɓa komai ba, ya rubuta lambar ya karanta wa mai gyara a waya, domin ya san kayan da zai riƙo.

Ƙara ruwa aiki ne da mazaunin gida zai iya, in an taɓa nuna masa. A ƙarƙashin boila akwai wani ɗan guntun bututu, sau da yawa mai saƙar azurfa, da bawul ɗaya ko biyu. Ana buɗewa a hankali, ido na kan allura, tana kaiwa wajen 1.5 a rufe ruf. Amma mai hankali ba ya tsayawa a nan, sai ya tambayi kansa ina ruwan farko ya tafi. Tsarin a rufe yake. Raguwa kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara ba abin damuwa ba ne, amma wanda ke ƙara ruwa duk mako, to akwai inda yake yoyo. A bi gindin kowane lagireto da takarda mai tsotse ruwa, a duba ko kafet ya jiƙe, ko akwai tsatsa ko koren tabo a mahaɗar bututu, ko silin ɗakin ƙasa ya yi shaida.

Akwai kuma wata alama mai ban sha'awa. In allura tana tashi da gudu zuwa 3 da zarar ɗumi ya kama, sannan ta faɗo ƙasa warwas bayan an huce, laifin na wata 'yar tukunya ce da ke ɓoye a cikin boila. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, ita kuwa tukunyar tana ɗauke da iska a bayan wata fatar roba don ta ba shi wurin miƙe ƙafa. In iskar ta sace ko robar ta fashe, matsi ya yi yawa, sai bawul ɗin kariya ya buɗe a bar 3 ya zubar da ruwan waje ta wani ɗan bututun jan ƙarfe da ke bayan bango. Wanda ya zagaya ya ga bututun nan na ɗiga ya gano ciwon, amma gyaran na injiniya ne.

A ƙarshen Fabrairun 2018 wata iska mai tsananin sanyi ta taso daga Saibiriya ta rufe Birtaniya da dusar ƙanƙara, har mutanen ƙasar suka yi mata laƙabi da Dodon Gabas. A wancan makon boiloli suka yi ta mutuwa gida-gida, layukan masu gyara suka cushe, kuma a gidaje masu yawa boilar lafiyarta ƙalau. Asalin abin yana komawa ga Afrilun 2005, lokacin da dokar gine-gine a Ingila da Wales ta wajabta cewa sabbin boilolin gas su zama irin waɗanda ke tatse zafin da ke cikin tururin hayaƙinsu. Hakan na rage cin gas ƙwarai, amma tururin yana komawa ruwa, ruwan kuma yana fita ta wani farin bututun roba zuwa magudana. Inda aka bi da bututun ta waje, sanyi ya daskarar da shi, ruwa ya koma baya, boila ta yi ta ƙugi kamar mai kurkure baki, sannan ta kulle kanta. Maganin kuwa buta ce ta ruwan ɗumi, a kwarara a kan bututun daga waje, musamman a lanƙwasa da bakinsa, sannan a danna maɓallin sake tashi. Ruwan ɗumi aka ce. Tafasasshe na iya fasa robar, wanda ya zube a ƙasa kuma zai daskare ya kayar da mutum, don haka a kula da inda ake taka ƙafa, kuma kada a hau tsani a kan ƙanƙara saboda bututu.

Yanzu a ce boila na ci, gida na da ɗumi, amma ɗaki ɗaya ya ƙi. A nan tafin hannu ya fi kowace na'ura. A shafa lagireton daga sama zuwa ƙasa. In ƙasa da zafi sama da sanyi, iska ce ta taru a ciki, domin iska ta fi ruwa sauƙi, kullum sama take hawa ta tare masa hanya. A kashe ɗumin a bari ya huce, a samo ɗan mabuɗin lagireto da ake sayarwa da araha a shagunan kayan gini, a tara tsumma, a murɗa ƙaramin bawul ɗin da ke kusurwar sama kaɗan kawai. Za a ji huci. Da zarar ruwa ya biyo baya sai a rufe, a koma a duba allurar boila, domin fitar iska kan sauke matsi.

In kuwa sama da zafi, ƙasa da tsakiya da sanyi, labarin ya bambanta. Cikin lagireto ƙarfe ne, ruwa kuma na cin sa a hankali, sai wata baƙar laka ta tsatsa ta kwanta a gindi kamar yadda laka ke kwanciya a gindin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Wannan laka ita ce babbar abokiyar gabar tsarin duka: tana toshe bututu, tana gajiyar da famfo, tana shiga cikin boila. Ruwan da ya fito baƙi ƙirin lokacin fitar da iska shaida ne. Masu gyara kan wanke tsarin da injin turo ruwa, su zuba maganin hana tsatsa, su kuma ɗaura wata matata mai maganaɗisu da ke kama ƙwayoyin ƙarfen kafin su isa boila. Wanda ke ƙara sabon ruwa kullum saboda yoyo yana ciyar da lakar nan ne, domin sabon ruwa da sabuwar iskar da ke haddasa tsatsa yake shigowa.

Lagireton da ya yi sanyi gaba ɗaya, alhali sauran na ƙuna, galibi bawul ɗinsa ne. A gefensa akwai wata murɗa mai lambobi daga 1 zuwa 5, a ƙarƙashinta kuma wani ɗan tsinken ƙarfe da ke hawa da sauka. Bayan watannin bazara a rufe, tsinken kan maƙale a ƙasa. A cire hular, a danna shi a hankali da bayan cokali har ya fara dawowa da kansa. Kada a ja shi da filaya, yana iya tsigewa ruwa ya biyo. Idan kuma ɗakunan kusa da boila ne ke zafi na nesa suna ɗumi-ɗumi, na kusa ne suka cinye rabon, sai an daidaita bawulolin ɗaya gefen. Wani lokacin ma lagireton ba shi da laifi: an jingina masa kujera, ko labule ya rufe shi, ko an shanya masa jiƙaƙƙun kaya, abin da ke cika ɗaki da laima har bango ya yi baƙin fumfuna.

Kunne ma yana da aikinsa. Boilar da ke ƙara kamar buta ta kusa tafasa, ɓawon farar ƙasa ne ya kama cikinta, irin wanda ke kama gindin butar shayi, kuma an fi ganin haka a Landan da kudu maso gabashin Ingila inda ruwa ke ratsa duwatsun alli. A boilar kombi kuwa, in lagireto na ɗumi duk lokacin da aka buɗe famfon wanka, ruwan wankan kuma ya ƙi zafi sosai, bawul ɗin da ke raba hanya tsakanin ayyukan biyu ne ya maƙale.

A nan ne iyaka take, kuma shirin nan na son a ji ta da kyau. Abin da ya shafi batir, agogo, ƙarin ruwa da fitar da iska, na mazaunin gida ne. Abin da ke bayan murfin boila, da bututun gas, da bututun hayaƙi, ba nasa ba ne, ba na abokinsa mai ƙoƙari da sukundireba ba ne. Doka ta keɓe wannan aiki ga injiniyoyin da ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a Afrilun 2009. Kowannensu yana da kati mai hotonsa, a bayan katin kuma an rubuta irin aikin da aka yarje masa. Neman ganin katin ba rashin kunya ba ne, su kansu sun saba. Mai haya kuma ya san haƙƙinsa: dokar 1985 ta masu gidaje da 'yan haya ta ɗora gyaran ɗumi da ruwan zafi a wuyan mai gida a Ingila, ƙa'idojin gas na 1998 kuma sun wajabta masa sa a duba kayan gas duk shekara ya ba ɗan haya takardar shaida. Kawaici halinmu ne mai kyau, amma zama cikin sanyi da yara saboda jin nauyin mai gida ba ya cikin wuraren da ake yin sa. A rubuta masa saƙo, a ajiye kwanan wata.

In aka ji warin gas, babu sauran bincike. Kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana. A buɗe ƙofofi da tagogi, a juya hannun bawul ɗin mita ya gicciye bututu, a fita waje a kira 0800 111 999, lambar gaggawa ta gas a Ingila, Sikotland da Wales.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne wanda ba ya wari. Duk wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200, sai jiki ya shaƙe mutum yana numfashi. A Oktoban 2006 wasu yara biyu 'yan Birtaniya, yarinya da ƙaninta masu shekara 7 da 6, sun rasu cikin barci a masaukin wani otal a tsibirin Korfu na Girka, saboda gubar da ta ratso bango daga wata lalatacciyar boila. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 masanin nan ɗan Sikotland, John Scott Haldane, ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ƙananan halittu da guba ke saurin kayarwa, aka yi ta amfani da tsuntsun kanari har 1986. Yau ƙaramar ƙararrawa mai batir ce ke wannan aiki, kuma tun 1 ga Oktoban 2022 wajibi ne mai gidan haya a Ingila ya sa ta a duk ɗakin da ke da boila ko murhun ɗumi.

Alamun suna nan ga mai lura. Harshen wutar gas shuɗi ne, in ya koma rawaya yana lilo akwai matsala. Baƙin tabo na hayaƙi a jikin na'ura, raɓa mai yawa a gilashin taga, ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ke kama mutanen gida gaba ɗaya ba tare da zazzaɓi ba, su kuma lafa da zarar an fita waje, duk kira ne na a fice a nemi likita. Baƙo kan ga 'yar kafar iska a bango tana shigo da sanyi ya cusa mata tsumma, bai san ita ke ciyar da wutar ba.

Ranar da ɗumi ya mutu ita ce ranar da mutane ke neman dabara, dabarar kuma ita ke kisa. Wani ya kunna murhun girki ya bar shi, wani ya jona hita biyu a wayar ƙari ɗaya. A ranar 9 ga Janairun 2022, a unguwar Bronx ta birnin New York, hitar lantarki da aka bari a kunne ta tayar da gobara a wani bene mai hawa 19, hayaƙi ya bi ta ƙofar da ta ƙi rufe kanta, mutum 17 suka rasu, takwas daga ciki yara, da yawansu 'yan asalin Gambiya. Allah Ya jiƙansu. Hita tana son soket ɗinta ita kaɗai a bango, nesa da labule da katifa, a kuma kashe ta kafin barci.

Wannan sashe na ƙarshe ya shafi har wanda bai taɓa ganin boila ba. Gubar da ke fita daga lalatacciyar boila a Landan ita ce ke fita daga kaskon garwashi da ake shigarwa ɗaki a daren hunturu a Jos, Funtuwa ko Damagaram, ita ce kuma ke fita daga janareton da aka ajiye a baranda kusa da taga. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Don haka iyaye mata da masu gida, a ji ɗumin a tsakar gida ko da ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara wa yara bargo. Wanda kuma yake da ɗa ko ƙani a Birtaniya, in sun yi waya a makon nan ya tambaye shi abu biyu: ya ga takardar duba gas ta bana, kuma ya danna maɓallin ƙararrawar ɗakinsa ya ji ta yi ƙara?